Tambayoyi da amsoshi kan ƙara shekara a Ostireliya da bizar hutu da aiki

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin matasan da suka shiga Ostireliya da bizar hutu da aiki, shekara ta kusa cika, su kuwa ba su ƙoshi da zama ba. A cikinsu akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa ko suka girma a Birtaniya, Ayalan, Italiya, Jamus, Faransa, Kanada ko Amurka, masu riƙe da fasfon can. Ƙa'idojin suna sauyawa, galibi ranar 1 ga Yuli da shekarar kuɗin ƙasar take farawa, saboda haka kafin ka biya ko sisi ka leƙa shafin ma'aikatar harkokin cikin gida ta Ostireliya.

Wace irin biza ce wannan?

Biza ce ta shekara ɗaya da ake bai wa matasa su yi yawon buɗe ido, su kuma yi aiki su samu abin kashewa. Ostireliya ta fara tsarin a 1975. Iri biyu ne. Mai lamba 417 ta masu fasfon Birtaniya, Ayalan, Kanada, Faransa, Jamus, Italiya, Holan, Beljiyam, Japan, Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe ce. Mai lamba 462 kuwa ta ƙasashe irin su Amurka, Sifen, Turkiyya, Maleshiya, Indonesiya, Sin da Indiya ce, kuma tana zuwa da ƙarin sharuɗɗa kamar shaidar karatu da ta jin Turanci. Da kowacce daga cikinsu kana iya aiki, kana iya karatun da bai wuce wata huɗu ba, kana iya fita ka dawo sau nawa ka ga dama. Sai dai kwanakin da ka yi a waje ba a rama maka su.

Fasfon Najeriya gare ni. Wani ejan ya ce zai samo min ita, gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk ba sa cikin jerin, a gaskiya ma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Fasfo ake dubawa. Ko shekara 20 ka yi a Landan da takardar zaman dindindin, muddin koren fasfo ne kaɗai a hannunka, ba ka cancanta ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya, kuɗinka yake so, kuma idan ya cusa takardun bogi da sunanka, kai za a hukunta, kamar yadda za a yi bayani a gaba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da yake son zuwa Ostireliya ya duba amsa ta ƙarshe, domin bizar karatu da ta ƙwararru a buɗe suke ga kowace ƙasa.

Tsawaita ta farkon ake yi, ko sabuwa ake nema?

Sabuwa ake nema. Za ka shiga shafinka na ImmiAccount, wato asusun intanet na ma'aikatar da ake neman biza ta cikinsa, ka cika fom, ka sake biyan kuɗin nema, wanda ya haura dala 600 ta Ostireliya kuma ba a mayarwa idan an ƙi. Ana so a ga kana da abin riƙe kanka, kimanin dala 5,000, da kuɗin tikitin fita. Babban sharaɗin shi ne ka yi wata uku, wato kwana 88, na aikin da gwamnati ta ayyana, a yankin da ta ayyana, a cikin wa'adin bizarka ta farko. An shigo da wannan dama a 2005 saboda gonaki suna ƙarancin 'yan ƙwadago lokacin kaka.

Na kusa shekara 31. Na makara?

Ranar da ka miƙa takardar nema ake dubawa. Ga yawancin ƙasashe, kana iya nema har jajiberin ranar da za ka cika 31. Masu fasfon Birtaniya, Ayalan, Kanada, Faransa, Italiya da Denmak suna da dama har jajiberin cika 36. Idan ka nema kafin lokacin, amsa ta zo bayan ka cika, babu matsala.

Wane aiki ake lissafawa a cikin kwana 88?

Ga mai 417: noma da kiwo, kamun kifi da ciro lu'ulu'u, dashen itatuwa da sararsu, haƙar ma'adinai, da gine-gine, duk a yankunan karkarar da aka amince da su. Tun watan Yunin 2021 an ƙara aikin otal, gidan abinci da yawon buɗe ido, amma a arewacin ƙasar da wurare masu nisa sosai kaɗai. Aikin gyara bayan gobarar daji ko ambaliya a yankunan da aka ayyana shi ma yana shiga, kuma shi ne wanda ake karɓa ko da na sa-kai ne. In ba shi ba, aikin da ba a biya ka ba bai shiga lissafi. An daina karɓarsa tun 2015.

Inda mutane suke faɗawa rami shi ne bambancin aikin gona da abin da ya biyo bayansa. Tsinkar inabi da yi wa kurangar aski suna shiga, amma sarrafa shi a masana'anta ya zama giya bai shiga ba. Fiɗa da shirya nama a mayanka suna shiga, tsayuwa a kantin sayar da nama bai shiga ba. Idan gona ka je amma rainon yaran mai gonar ko girki aka sa ka, wannan ba noma ba ne. Mai 462 kuma ya ƙara kula: haƙar ma'adinai ba ta cikin jerinsa, kamun kifi da saran itatuwa kuma sai a arewa.

A ina zan yi shi?

Lambar gidan waya ta wurin da ka yi aikin ita ce alƙali. Gonaki biyu suna iya kallon juna, ɗaya tana cikin jerin, ɗaya ba ta ciki. Kafin ka ɗauki jaka, tambayi wanda zai ɗauke ka aikin lambar wurin da za ka tsaya da ƙafarka, domin ofishinsa yana iya zama a wani gari daban, sannan ka gwada ta da jerin ma'aikatar. Ga mai 417, jihohin Tasmaniya da Ostireliya ta Kudu, da yankin da ake kira Northern Territory, gaba ɗayansu suna cikin karkarar da aka amince.

Yanayin can kishiyar na Turai ne: Disamba zuwa Fabrairu zafi, Yuni zuwa Agusta sanyi. Mangwaro yana nuna a wajejen Darwin da Katherine daga misalin Satumba zuwa ƙarshen shekara. Ceri na Tasmaniya da garin Young yana zuwa a ƙarshen shekara. Inabin Mildura, da fiya da tuffar Shepparton, farkon shekara ne. Bowen da Bundaberg sun yi suna da tumatir da kayan lambu. Ayabar Tully da Innisfail kuwa ba ta yankewa duk shekara, shi ya sa masu son gama kwanakinsu a jere suke rububin ta. Aikin fa ba wasa ba ne. Mai ɗaukar ayaba yakan sa kafaɗa a ƙarƙashin nonon, wani ya sare shi daga sama, nauyin ya faɗo masa gaba ɗaya, ya taka cikin taɓo ya kai tirela, ya koma. Mai tsinkar mangwaro kuma ruwan da ke fita daga hancin ɗan itacen yana ƙona fata, sai da doguwar riga da safar hannu a cikin wannan rana.

Yaya ake ƙirga kwana 88 ɗin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce jawo asara, saboda haka a karanta ta da natsuwa. An samo 88 ne daga haɗa watanni uku mafiya gajarta a shekara: 28 da 30 da 30. Idan kana aiki cikakke kamar yadda ma'aikatan wannan sana'a suke yi, misali kwana biyar a mako ba yankewa, to har ranakun hutunka na mako ana ƙirga maka, sai ka gama cikin wata uku. Idan kuwa aikin na tsinci-tsinci ne, yau akwai gobe babu, zai ɗauke ka fiye da wata uku kafin ka tara daidai da abin da cikakken ma'aikaci yake yi a wata uku.

Ba a gajarta shi. Ko awa 14 ka yi a rana, ko ka yi wa mutum biyu aiki safe da yamma, kwana ɗaya ne. Ranar da ruwan sama ya hana fita gona kuma ba a biya ka ba, ba ta shiga. Ranar hutun gwamnati ko ta rashin lafiya da aka biya ka tana shiga. Ba dole ne ka yi su a jere ba, ba dole ne kuma a wurin mutum ɗaya ba: kana iya yin wata ɗaya a mayanka, wata biyu a gonar lemo.

Shawarata ita ce kada ka tsaya a kan 88 cif. Ka ƙara kamar mako ɗaya ko biyu a kai, domin ma'aikacin da zai duba takardunka yana iya zubar da wasu ranakun da kai ka ɗauka sun shiga.

Yaushe ya kamata in fara?

Da wuri, cikin wata shidan farko. Wanda ya bari sai saura wata uku da rabi ya saka wuyansa a hannun mai gona, domin ba shi da sararin barin wurin ko da ana cutarsa, kuma mako biyu na ruwan sama sun isa su rushe masa lissafi. Masu cin zalin ma'aikata sun san haka sarai. Wanda yake da wata takwas a gaba kuwa, ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya tattara nasa ya nasa ya nemi wani wurin.

Wace hujja ake so in nuna?

Takardun albashi su ne kan gaba. Doka ta wajabta wa mai aiki ya ba ka takardar cikin kwana ɗaya na aiki bayan ya biya ka, ɗauke da sunansa, lambar rajistar kasuwancinsa da ake kira ABN, awannin da ka yi da harajin da aka cire. Sai bayanan asusunka na banki da ke nuna kuɗin sun shigo, da yarjejeniyar aiki, da ta jinga idan jinga ake biyanka. Ka ajiye rasit na masauki da tikitin mota, ka kuma riƙa rubuta ranaku da awanni a ɗan littafi kowace yamma. Ka ɗauki hoton kowace takarda ranar da aka ba ka, ka tura wa kanka ta imel. Wanda ya ce zai biya ka a hannu ba takarda, ko albashinsa ya fi na kowa, ka sani kwanakin da ka yi masa da wuya ka iya tabbatar da su.

An ce akwai masu sayar da kwanaki. In saya in huta?

Kada ka kuskura. Ma'aikatar tana tuntuɓar masu gonaki, tana kuma gwada bayananka da na hukumar haraji. Mai sayar da lambar gona ɗaya ba kai kaɗai ya sayar wa ba, ranar da aka kama mutum ɗaya sai a bi sauran. Hukuncin ba da bayanan ƙarya shi ne a ƙi ba ka bizar, ko a soke ta bayan an bayar, sannan a iya hana ka yawancin bizoji har shekara uku. Tabon kuma yana bin ka, domin fom ɗin ƙasashe da yawa yana tambaya ko an taɓa hana ka biza ko an soke maka. Idan taimako kake so wajen cika takardu, ka nemi lauya ko wakilin da ke da rajista da OMARA, hukumar da ke kula da wakilan biza, ka duba lambarsa a shafinsu.

Nawa ya kamata a biya ni, kuma ina zan kai kuka idan an cuce ni?

Haƙƙinka daidai yake da na ɗan ƙasa. A shekarar kuɗin da ta fara 1 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi dala 24.95 ne a awa, ma'aikacin wucin gadi kuma ana ƙara masa kashi 25 cikin ɗari. Ana sabunta adadin kowace shekara. A da masu gonaki suna fakewa da jinga, a biya mutum bisa yawan akwatunan da ya cika, sabon shiga ya wuni a rana ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Tun 28 ga Afrilun 2022 doka ta ce mai tsinkar kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kan jinga dole a cika masa aƙalla mafi ƙarancin albashin awa.

Hukumar Fair Work Ombudsman ce take karɓar ƙorafi, kyauta, har ma ba tare da ka faɗi sunanka ba. Ita da kanta ta fitar da rahoto a 2016 da ya nuna yadda sharaɗin kwana 88 yake jefa matasa hannun azzalumai. Alamomin da za ka gudu idan ka gani: masaukin da ke karɓar kuɗin makonni kafin a nuna maka aiki, ɗan kwangilar da ke cire kuɗin mota da na ɗaki ba da yardarka a rubuce ba, da wanda ya ce ka ba shi fasfo ya ajiye. Mai aiki ba shi da ikon soke maka biza, komai barazanarsa. 'Yan uwa mata musamman, kada ki tafi gonar da ke can cikin daji ke kaɗai ba tare da wani ya san sunan wurin da na mai shi ba, kuma ki tabbatar waya tana kamawa ko kina da hanyar fita da kanki.

Zan iya cika kwanakin ba tare da na taɓa abin da addinina ya hana ba?

Ƙwarai kuwa. Zaɓi yana da yawa: ayaba, mangwaro, lemo, kiwon shanu da tumaki, gini. Ostireliya tana fitar da naman halal da yawa zuwa ƙasashen Musulmi, don haka akwai mayankun da ke aiki bisa wannan tsari. Abin da ya kamata ka tambaya tun farko shi ne ko inabin gonar na ci ne ko na giya, ko akwai alade a wurin kiwon, ko aikin otal ɗin ya haɗa da miƙa barasa. Shepparton da Mareeba garuruwan noma ne masu tsofaffin masallatai da Musulmi 'yan asalin Albaniya suka gina, ga mai son ya riƙa samun Juma'a. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen zafin can, sai ka auna ko za ka iya tsinkar inabi da ƙishirwa, ko ka tsara kwanakinka su faɗo kafin watan ko bayansa. Wannan ma wani dalili ne na farawa da wuri.

Ni fasfon Birtaniya gare ni. An ce ba sai na je gona ba?

Haka ne. Bisa yarjejeniyar cinikin da ƙasashen biyu suka ƙulla, daga 1 ga Yulin 2024 mai nema da fasfon Birtaniya yana iya samun biza ta biyu da ta uku ba tare da aikin da aka ayyana ba. Amma kowacce sai ka nema, ka biya. Fasfon Ayalan bai samu wannan sassauci ba.

In nema ina ciki ko sai na fita? Idan ta farkon ta ƙare kafin amsa ta zo fa?

Duka biyun suna yiwuwa. Idan ka nema kana ciki kafin ta farkon ta ƙare, ana ba ka bizar riƙon ƙwarya mai suna Bridging visa A, wadda take fara aiki da zarar ta farkon ta ƙare, ka ci gaba da zama bisa doka har a yanke hukunci. Wannan biza ba ta tafiya ba ce: ka fita da ita, ta mutu. Idan biki ko rasuwa ta taso a gida, sai ka nemi ta rukunin B kafin ka hau jirgi. Wanda ya nema a ciki ana so amsa ta same shi a ciki, wanda ya nema a waje ta same shi a waje.

Ba dole ne ka ɗora ta biyu a kan ta farko nan take ba. Kwanakinka 88 ba sa lalacewa. Kana iya komawa gida ka yi shekara biyu, sannan ka nema, in dai shekarunka ba su wuce ba. Mai nema daga waje yana da wata 12 ya shiga, shekararsa kuma tana farawa ranar da ya sauka.

Mai aikina yana so in zauna fiye da wata shida. Ya halatta?

Asalin ƙa'idar ita ce wata shida a wurin mai aiki ɗaya. Akwai sassauci ga noma da kiwo a ko'ina cikin ƙasar, da wanda kamfani ɗaya yake sauya wa wurin aiki, da wasu fannonin da ake ƙarancin ma'aikata. Jerin yana yawan sauyawa, sai ka duba. Idan biza ta biyu ta fara aiki, lissafin wata shidan yana komawa farko.

Shekara ta uku fa?

Wata shida ake so, wato kwana 179, na irin wancan aiki, a cikin wa'adin biza ta biyu. An buɗe wannan dama ga aikin da aka yi daga 1 ga Yulin 2019. Kwanakin da suka yi maka rara a shekarar farko ba sa tsallakowa. Ƙirga da hujja duk kamar yadda aka faɗa a sama ne. Daga ta uku babu ta huɗu.

Haraji da kuɗin fansho fa?

Ana cire kashi 15 cikin ɗari daga dala 45,000 ta farko, idan mai aikinka ya yi rajistar ɗaukar masu irin wannan biza. Ka nemi lambar haraji ta TFN da zarar ka sauka, kyauta ce, in babu ita kashi 45 za a riƙa cire maka. Mai aiki kuma yana zuba maka kashi 12 cikin ɗari a asusun fansho, ban da albashinka. Kana iya karɓar kuɗin bayan ka bar ƙasar kuma bizarka ta ƙare, amma gwamnati tana cire kashi 65 daga ciki. Kaso ne mai ciwo, duk da haka abin da ya rage naka ne, kada ka bar shi.

Me zai faru idan na wuce wa'adi?

Daga ranar ka zama mai zama ba bisa doka ba, ba ka da izinin aiki, ana iya tsare ka a fitar da kai. Wanda ya wuce kwana 28 kafin ya fita yana iya fuskantar haramcin dawowa na shekara uku. Ka duba ainihin ranar ƙarewar bizarka a VEVO, tsarin ma'aikatar na duba bayanan biza ta intanet, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Idan abin ya riga ya faru, ka tuntuɓi ma'aikatar da kanka ka nemi bizar riƙon ƙwarya ta rukunin E, ka shirya fita.

A Niyu Zilan ma haka abin yake?

Da bambanci. A can wanda ya yi wata uku na aikin kaka a gonakin kayan lambu, 'ya'yan itatuwa ko inabi yana iya samun ƙarin wata uku kacal. Masu fasfon Birtaniya kuwa tun 2023 suna iya zama har wata 36. Yin tsarin Ostireliya ba ya hana ka neman na Niyu Zilan.

Na gama shekara uku, ina so in zauna. Wace hanya ta rage?

Hanyoyi huɗu aka fi bi. Akwai ɗaukar nauyin mai aiki da biza mai lamba 482, wadda aka sake wa fasali a Disambar 2024. Tana buƙatar aƙalla shekara ɗaya ta gogewa a sana'ar, da albashin da ya haura dala 70,000 a shekara, kuma tana iya kaiwa ga zaman dindindin. Akwai bizojin ƙwararru na tara maki, masu lamba 189, 190 da 491, da ke duba shekaru, Turanci, karatu da gogewa. Akwai bizar karatu mai lamba 500, mai tsada, wadda ta taƙaita aiki zuwa awa 48 a mako biyu lokacin da makaranta take buɗe. Sai bizar miji ko mata ga wanda ya auri ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin. A lura cewa bizar hutu da aiki ita kanta ba a sa iyali a cikinta: miji da mata kowa nasa zai nema, kuma ba a zuwa da 'ya'ya.

Mai wannan buri kada ya jira shekara ta uku. Tsinkar mangwaro tana ba ka ƙarin shekara, amma ba ta cikin sana'o'in da ake ba da zaman dindindin dominsu. Idan kai ma'aikacin jinya ne, ko makanike, ko kafinta, ko injiniya, ka gama kwana 88 tun a watannin farko, ka nemi aiki a fanninka a sauran lokacin, ka kuma fara tantance takardun karatunka a hukumar da ke kula da sana'arka, domin wannan tantancewa kaɗai tana iya cin watanni.